Tebes nawa ne a duniya? Sunan da ya fi masu shi yawo

Wanda ya ɗauki littafin tarihin mutanen da, ya ci karo da sunan Tebes a shafi na 20, ya sake cin karo da shi a shafi na 80, yana iya ɗauka gari ɗaya ake ta nufi. A shafin farko ga fir'aunoni ana binne su cikin duwatsu da tarin zinariya. A na biyun ga wani sarki ya kashe ubansa ya auri uwarsa bai sani ba. Har dodo mai jikin zaki da kan mutum akwai shi a labaran biyu, abin da ke ƙara ɗaure kai. To garuruwa biyu ne. Ɗaya yana Masar, a bakin kogin Nilu, inda Luksor take a yau, sama da kilomita 600 kudu da Alƙahira. Ɗayan yana tsakiyar ƙasar Girka, a yankin Boyotiya, tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintoci a mota daga Atens. Teku ce a tsakaninsu, harshensu daban, abin bautarsu daban, kuma babu wanda ya kafa ɗan'uwansa.

Ba su kaɗai ba ne ma. Akwai wata Tebes ƙarama a gefen tsohon birnin Turoy, cikin Turkiyya ta yanzu. Akwai wata a yankin Tesaliya, arewa da Boyotiya. Akwai ƙauye mai wannan suna a bakin kogin Misisifi a Amurka, akwai kuma wani ɗan ƙaramin wata da ke zagaya duniyar Mushtari. Abin da ya ja hankalina da na bi sawun sunan shi ne, kusan duk inda ya sauka baƙo ne ya kai shi, kuma baƙo ne ya cika shi da labari. Masu garin ba a cika jin tasu muryar ba.

Mu fara da na Girka, don su ne masu abin. Girkawan da suna cewa Tebai, kuma kalmar jam'i ce a harshensu, kamar yadda sunan Atens ma jam'i ne. Harafin "s" da Faransawa da Ingilishi suka liƙa a ƙarshe alamar jam'in ce kawai suka fassara. Mazauna garin na yau, su dubu 20 da ɗoriya, Tiba suke cewa, da wani sauti na tsakanin haƙora a farko. Sunan tsoho ne ƙwarai. An tono allunan laka a ƙarƙashin titunan garin, mafi yawansu tsakanin 1993 da 1995, waɗanda aka rubuta a ƙarni na 13 kafin miladiyya, kuma ga sunan nan a jiki: te-ka. Lissafin fada ne, na hatsi da ulu da wanda aka ba da wanda ya karɓa. Masana da dama suna ganin kalmar ta girmi harshen Girkanci a wannan yanki, wato Girkawa tarar da ita suka yi. Idan haka ne, ba abin mamaki ba ne a sami irin sunan a gaɓa biyu na tekun Ijiyan da ke tsakanin Girka da Turkiyya, don mutanen da suka riga su zama sun bar sunayen tuddai da rafuka a wurare da yawa.

Su kuwa Girkawa, abin da ba su san asalinsa ba sai su yi masa tatsuniya. Wannan gari har biyu suka yi masa. Ta farko ta ce wani ɗan sarkin Finikiya (yankin Lubnan ta yau), Kadmus, ya fito neman ƙanwarsa Yurofa da aka sace. Da ya gaji da yawo sai ya je wurin duba na Delfi, aka ce masa ya bar neman, ya bi wata saniya, duk inda ta durƙusa ya kafa gari. Ta durƙusa a kan tudun Tebes. Ya kashe macijin da ke tsare rijiyar wurin, ya shuka haƙoransa, mayaƙa suka tsiro daga ƙasa da makamansu, suka far wa juna har saura biyar, waɗanda suka zama kakannin manyan gidajen garin. Ta biyu ta ce tagwaye ne, Amfiyon da Zetus, suka gina ganuwar: Zetus yana ɗaukar dutse da ƙarfin damtse, Amfiyon yana kaɗa molonsa duwatsu suna biyo shi suna hawa kan juna. Matar Zetus sunanta Tebe, daga nan garin ya sami suna. Da aka rasa yadda za a yi da asali biyu, sai aka raba: tudun fada na Kadmus ne, ana ce masa Kadmiya, ganuwa mai ƙofa bakwai ta tagwaye ce.

A lura da yadda garin ya buɗe ido: ranar haihuwarsa 'yan'uwa ne suke kashe juna. Wannan zai dawo.

Labarin Kadmus yana da wani ɗan ƙashi a cikinsa. Hirodotus, marubucin tarihi na Girka, a ƙarni na 5 kafin miladiyya, ya rubuta cewa Finikiyawan da suka zo da Kadmus ne suka kawo wa Girkawa haruffa, kuma lallai baƙaƙen Girkanci daga na Finikiya aka samo su. Wasu masana harshe suna danganta sunan Kadmus da saiwar nan ta harsunan Larabci da Ibrananci mai haruffa uku, ƙ-d-m, wadda ke nufin gaba ko gabas ko abin da ya gabata, ita ce a cikin "ƙadimi" da "muƙaddima". A 1963 kuma masu tono suka sami tarin hatimai na shuɗin dutse a fadar Tebes, waɗanda aka sassaƙa wasunsu a ƙasar Babila, ɗaya yana ɗauke da sunan sarki Burna-Buriyash na ƙarni na 14 kafin miladiyya. Wannan bai tabbatar da an yi wani mutum Kadmus ba. Ya dai nuna fadar tana da hulɗa da gabas tun kafin a tsara tatsuniyar.

To ina ruwan Masar da wannan suna? Babu. Tsofaffin Misirawa ba su taɓa kiran birninsu Tebes ba. Waset suke ce masa, daga sunan wata sandar mulki, ko kuma su ce "Birni" kawai, ko "Birnin Amun". Da wannan na ƙarshen ya shiga littattafan Yahudawa, inda littafin Nahum ya kira shi No-Amon. Bayanin da aka fi kawowa shi ne Girkawa 'yan kasuwa da sojojin haya sun ji mutanen wurin suna faɗin sunan wani sashe na birnin, Ta-ifet na wajen haikali ko Jeme na yammacin kogi, kunnensu ya ji wani abu mai kama da sunan garin da suka sani a gida, shi ke nan suka ɗora. Haka suka yi wa Masar gaba ɗaya. Dogayen ginshiƙan dutsen nan masu tsini da ke tsaye a ƙofar haikali, Girkawa suka kira su da kalmar da ke nufin ɗan tsinken gasa nama, wato tsinken tsire, kuma sunan ya bi su har yau a harsunan Turai. Ƙaton gunkin Giza, wanda Larabawa ke kira Abul Haul, suka ba shi sunan dodanniyar tatsuniyarsu, Sfinkis. Ita tasu mace ce mai fukafukai da ke tare hanyar Tebes ta Girka tana yi wa matafiya kacici-kacici, wanda ya kasa ta cinye shi. Na Giza namiji ne, fuskar sarki ce, ba shi da fiffike, bai taɓa tambayar kowa komai ba, kuma tsakaninsa da Luksor tafiya ce ta yini. Amma da yake suna ɗaya aka ba garuruwan, suna ɗaya aka ba dodannin, har gobe ana cakuɗa su.

Homa, mawaƙin da Girkawa suka ɗauka uban adabinsu, ya san da garuruwan biyu, kuma da lissafin ƙofofi ya bambanta su. Ta gida mai ƙofa bakwai ce. Ta Masar kuwa, a waƙarsa ta yaƙin Turoy, jarumi Akilis ya ambace ta lokacin da yake ƙin karɓar biko: ko dukiyar Tebes ta Masar za a ba shi, mai ƙofa 100, wadda mayaƙa 200 ke fita ta kowace ƙofa da dawakai da karusai, ba zai huce ba. Abin dariyar shi ne ba a sami wata ganuwa mai ƙofofi haka a Luksor ba. Tun a ƙarni na 1 kafin miladiyya marubuci Diyodorus ya kawo ra'ayin masu cewa manyan ƙofofin haikalai ake nufi. Wanda ya ga Karnak, babban haikalin da ke Luksor, zai gane dalili: ƙofa bayan ƙofa, kowace kamar tsauni, sannan zaure mai ginshiƙai 134. Matafiyi ya gani, ya koma gida ya ba da labari, labarin ya ƙaru a hanya. Wasu masana suna ganin baitin ya dace da zamanin da sarakunan Kush, daga ƙasar Sudan ta yau, suka mallaki Masar suka farfaɗo da birnin, kafin Assuriyawa su washe shi a 663 kafin miladiyya.

Tebes ta uku ma a waƙar Homa take, kuma labarinta gajere ne mai ɗaci. Garin su Andromaki ne, matar Hekta jarumin Turoy. A kan ganuwa take tuna wa mijinta cewa Akilis ya ci garinsu, ya kashe ubanta, ya kashe 'yan'uwanta bakwai a rana ɗaya suna kiwo, saboda haka ba ta da kowa sai shi. Iyakar abin da duniya ta riƙe game da wannan gari ke nan: an ci shi. Ta huɗu, ta Tesaliya, tashar jiragen ruwa ce. Sarki Filibus na Biyar na Makidoniya ya kama ta a 217 kafin miladiyya, ya sayar da mutanenta, ya sa mata sunansa, amma sabon sunan bai zauna ba.

Inda maganar ta fi nauyi a wurina shi ne abin da Atens ta yi da sunan maƙwabciyarta. Duk manyan labaran Tebes da duniya ta sani, daga alƙalamin mutanen Atens suka fito, kuma a dandalin wasan kwaikwayon Atens aka nuna su. Eskilus ya nuna wasansa na mayaƙa bakwai a ƙofofi bakwai a 467 kafin miladiyya, inda 'ya'yan Odifus biyu suka haɗu a ƙofa ta bakwai kowa ya kashe ɗan'uwansa. Sofokilis ya rubuta na Odifus kansa, wanda ya amsa kacici-kacicin dodanniya (mai ƙafa huɗu da safe, biyu da rana, uku da yamma, wato mutum) ya sami sarauta, daga baya ya gano matar da ya aura ita ta haife shi, ya tsokale idanunsa. Ya kuma rubuta na 'yarsa Antigoni, wadda ta binne ɗan'uwanta duk da hanin sarki, aka rufe ta da rai. Yurifidis ya ƙara da sarkin Tebes da uwarsa ta yayyaga da hannunta cikin hauka. Duk abin da al'umma ke tsoro, cin amanar jini, yaƙin basasa, sarkin da ba ya jin shawara, gawar da aka hana kabari, an kwashe an jibge a gari ɗaya.

A cikin waɗannan wasanni kuma, idan Atens ta bayyana, da farin kaya take zuwa. Odifus makaho ya gama yawo, Atens ce ta ba shi mafaka ya mutu a ƙasarta. An hana iyaye mata gawarwakin 'ya'yansu a ƙofar Tebes, sarkin Atens ne ya fita ya karɓo. Wata masaniyar adabin Girka 'yar Amurka, Froma Zeitlin, ta yi fice da wannan karatu: cewa Tebes ta dandali kishiyar Atens ce, wurin da mutanen Atens ke kallon abin da ba sa so ya faru a gidansu, suna zaune lafiya a kan benci. Na yarda da ita, kuma siyasar lokacin tana goyon bayanta. Da Farisawa suka kawo yaƙi a 480 kafin miladiyya, Tebes ta bi su, ta yi yaƙi a gefensu a Falatiya a shekarar da ta biyo. Wasan Eskilus ya zo ne shekara 12 kacal bayan haka, masu kallo da yawa sun riƙe mashi a wancan fage. Da Atens ta sha kashi a hannun Siparta a 404, wakilan Tebes suna cikin masu cewa a rushe ta gaba ɗaya. Maƙwabta ne da ba sa ga maciji. Mutanen Atens har kirarin raini suke yi wa Boyotiyawa, suna ce musu aladu, wai ci ne kawai suka iya.

Ba ina cewa Atens ce ta ƙirƙiro labaran ba. Sun girme ta, Homa ma ya san su. Amma ita ta zaɓi waɗanda za a maimaita, ita ta ba su siffar da ta wanzu, kuma littattafanta ne suka tsira. Tebes tana da nata mawaƙin, Findar, wanda babu kamarsa a waƙar yabo a zamaninsa, kuma Tebes ɗin da ke cikin waƙoƙinsa gari ne na alfahari, mahaifar jarumi Hirakilis. Yau mutum nawa ne suka san shi idan aka kwatanta da Odifus?

Garin na gaskiya kuwa ya yi abin da ya isa a tuna shi da shi. A 371 kafin miladiyya, a Liyuktira, janar ɗinsa Efaminondas ya tara mayaƙansa sahu 50 a hannun hagu, ya afka wa inda sarkin Siparta yake tsaye. Sarkin ya mutu, kusan 400 cikin 'yan asalin Siparta 700 da suka fito suka mutu tare da shi, kuma tsoron da ake yi wa Siparta ya ƙare daga ranar. Bayan shekara biyu ya 'yantar da Mesiniyawa da suka yi ƙarnoni cikin bauta a hannun Siparta. Wani yaro ɗan sarautar Makidoniya da aka ajiye jingina a Tebes a shekarun nan ya zuba ido ya koyi dabarun. Shi ne Filibus na Biyu, wanda ya dawo ya murƙushe Tebes da Atens tare a Kaironiya a 338. Ɗansa Iskandar ya ƙarasa aikin a 335 da garin ya yi tawaye: an kashe mutum 6,000, an sayar da 30,000, an baje gidaje, aka bar wuraren bauta da gidan Findar. Bayan shekara 20 aka sake gina shi, kuma mutanen Atens na cikin waɗanda suka fi ba da hannu wajen tayar da ganuwar. Amma bai koma kamar da ba. Matafiyi Fausaniyas, da ya je a ƙarni na 2 na miladiyya, ya lissafa sunayen ƙofofin bakwai, ya ce ƙasan gari kango ne, mutane sun tattare a kan tudu.

Ya sake tashi a zamanin Rumawan Gabas da saƙar alharini, har sarkin Sisili ya aiko da mayaƙa a 1147 suka kwashe masaƙan zuwa Falermo. A nan ma kunnen baƙo ya sake aiki: Faransawan da suka mulki garin suka ji mutane na cewa "zuwa Tiba" da Girkanci, suka haɗe kalmomin suka kira shi Estib, Turkawa suka ce Istefe.

Daga nan sunan ya bar ƙasa ya koma kayan aro. Mawaƙin Rum Statiyus ya yi doguwar waƙa a kan yaƙin 'ya'yan Odifus, Turawan tsakiyar zamani suka karanta suka sake saƙawa. Marubutan Afirka da suka ɗauki labaran sun fi son canza garin: Ola Rotimi ya mai da Odifus ƙasar Yarabawa a 1968, Athol Fugard da John Kani da Winston Ntshona suka kai Antigoni kurkukun tsibirin Robben na Afirka ta Kudu a 1973. Ta Masar kuma ta bi wasu hanyoyi. Sahararta ta cika da Kiristoci masu gudun duniya tun ƙarni na 3 da na 4, har sunan yankin ya zama kalmar Faransanci mai nufin wurin kaɗaita. Ofiyam (abin sa maye da ake tatsa daga wani fure) na can ya yi suna a wurin masu magani, shi ya sa wani sinadari da aka ware daga cikinsa a 1835 ake ce masa tebain, daga gare shi ake haɗa wasu magungunan kashe zafi masu ƙarfi. Ƙauyen Amurka ma ta Masar ya kwaikwaya: yana kudancin jihar Ilinoi, yankin da ake kira Ƙaramar Masar, kusa da garuruwa masu suna Kairo da Karnak. Gundumar da yake ciki sunanta Alexander, wato Iskandar, ko da yake wani ɗan siyasar yankin aka karrama, ba wanda ya rushe Tebes ba. Watan Mushtari da aka gano a hotunan kumbon Voyager 1 a 1979 shi kuma sunan wata aljanar ruwa ta tatsuniyar Girka aka ba shi.

Ga mai karatun Larabci akwai wani tarko na daban. Larabawa sun karɓi sunan daga Girkanci suka ce Ɗiba, da shi Najib Mahfuz ya sa wa littafinsa na 1944 suna, kan yadda birnin ya kori 'yan mamayar Hiksos. A rubuce haruffa huɗu ne: ɗa, ya, ba, da ta kuri. Haruffan nan huɗu su ne kuma na Ɗaiba, sunan Madina da masu bege ke yawan ambato. Bambancin wasali ɗaya ne, kisira a nan, fataha a can, kuma littattafan zamani ba sa sa wasali. Babu dangantaka ko kaɗan: Ɗaiba daga tsarki da daɗi take, Ɗiba kuwa kuskuren kunnen Bagirke ne da ya zaga ya dawo gida. Sunan da mutanen wurin ke amfani da shi, Luksor, daga Larabcin al-Uƙsur ne, wato fadoji.

A yammacin kogi, kan hanyar zuwa kwarin da aka tono kabarin Tutankamun a 1922, akwai gumaka biyu a zaune, kowanne ya kai mita 18, fuskokinsu sun farfashe. Na Fir'auna Amenhotef na Uku ne, amma Girkawa suka ce Memnon ne, sarkin Habashawan da Akilis ya kashe a Turoy. Bayan girgizar ƙasa ta tsaga na arewa, sai ya riƙa fitar da wani sauti da hantsi ya fara dukansa, suka ce gaida uwarsa alfijir yake yi. Masu yawon buɗe ido na Rum suka riƙa zuwa tun asuba, wanda ya ji ya sassaƙa sunansa a ƙafar gunkin. Sarki Hadiriyan ya zo a shekara ta 130, wata mawaƙiya cikin tawagarsa ta bar baitocinta a ƙwaurin, suna nan ana karantawa. A bayan gumakan, cikin kangon haikalin da suke gadi, an sami gindin wani gunki da aka jera sunayen garuruwan tekun Ijiyan a jikinsa, tun ƙarni na 14 kafin miladiyya: Kunosos, Maisini, Naufiliyo, Kitera. A cikin jerin akwai wani suna, di-ka-yas, wanda wasu masana ke karantawa a matsayin ƙasar Tebes ta Girka. Magatakardan Fir'auna ya ji shi a bakin wani baƙo, ya rubuta yadda kunnensa ya ba shi, a birnin da shi ya sani da Waset.